Tekun da Yaya Ya Kawo Gaya

Yayana ya bar Gaya tun ina goye, ya tafi Legas neman abinci, bai dawo da zama ba sai da furfura ta cinye masa gemu. Aikin ajiyar kaya ya yi a wani kamfani da ke bakin tashar jiragen ruwa. Sai da Sallah muke ganinsa, shekarar da ya ga dama, ya zo mana da burodi mai yanka-yanka da labaran da ba wanda ya tambaye shi. Da ya yi ritaya aka ba shi haƙƙinsa, sai ya tattaro matarsa da komatsansa ya dawo gidan da ya gina a bayan kasuwa. 'Ya'yansa duk sun yi aure a can, ba wanda ya biyo shi.

Ni a Ajingi nake aure, a can kuma nake koyarwa a firamare. Tunda iyayenmu sun rasu shi ne uba a wurina, don haka duk ƙarshen mako nakan hau mota in je in gaishe shi. Da idona na ga yadda garin ya karɓe shi. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kore shi, kawai dai an rasa inda za a ajiye shi. Ya je majalisar ƙofar masallaci bayan la'asar, a matsa masa gefen tabarma, a ci gaba da zancen taki da kasuwar gyaɗa da wanda shanu suka shiga wa gona. Mutumin da in ka nuna masa tsiron gero da na dawa sai ya yi canki-canki, me zai tofa? Da ya buɗe baki ya ce, "Ai mu can a bakin ruwa," sai wani ya tuna bai ba akuya dusa ba, wani ya duba agogon da babu a hannunsa. Haka zai dawo gida da ragowar labarin a baki ya juye wa matarsa, ita kuwa tare suka zauna a can, ta san ƙarshen kowanne.

Ubangidansa a kamfanin, wani baƙo daga ƙasar waje, yana da akwatin gilashi a ofis cike da ruwan gishiri, da kifaye da murjani mai rai a ciki. In mutumin ya yi tafiya Yaya ne ke kula da shi. Da zai yi ritaya, mutumin ya yi masa alkawarin ɗan reshe guda na murjanin, in har ya shirya masa wurin zama. Wani ubangidan mota yake bayarwa, wani kujerar Makka. Na Yaya reshen dutse ya yi alkawari, kuma wallahi Yaya ya fi wanda aka ba motar murna.

Ranar da na tarar da akwatin gilashin da Yaya ya sayo a falonsa na ɗauka irin na masu sayar da soyayyen nama ne. Na ce, "Yaya, sana'a za ka fara?" Ya ce, "Teku zan kafa." Ban yi dariya ba don ya girme ni, amma sai da na ciji gefen mayafi. Tsawon abin bai wuce ka buɗe hannuwanka biyu ba. Ya shimfiɗa farin yashi a ƙasa, wanda ya sayo daga Legas, a garin da yashi ke bin mu har cikin tuwo. Ya jera wasu duwatsu masu ramuka. Ruwan rijiya bai yi masa ba, na burtsatse ma bai yi ba, wai akwai abubuwan da ido ba ya gani a ciki. Sai ruwan leda, ɗauri-ɗauri. Ni da matarsa muka zauna da reza muna farkewa muna juyewa a baho har yatsunmu suka yi yaushi. Sannan ya jawo buhun gishiri na musamman mai hoton teku a jiki, ya auna a sikeli kamar mai sayar da zinare, ya dama. Yana da wani ɗan bututu da yake ɗiga wa ruwan, ya ɗaga shi wajen haske, ya kanne ido ɗaya ya leƙa. A ciki ne wai yake ganin ko gishirin ya ji ko da saura. Ni tun ina budurwa nake miya, da harshe nake gane wannan.

Sai batun wuta. Akwai famfo da ke juya ruwan dare da rana, akwai shuɗiyar fitila a sama, kuma ba a so ɗayansu ya tsaya. Wutar gwamnati a Gaya kuwa baƙuwa ce, ta leƙo ta gaisa ta wuce. Tun dawowarsu matarsa ke roƙon a sa sola don firizarta, yana cewa sai an ga hali. Saboda kifin da ko zuwa bai yi ba, cikin 'yan kwanaki aka hau rufi aka kafa sola da manyan batura. An jona mata firizar, amma da sharaɗi: in bazara ta zo, ƙanƙarar farko ta akwatin ce, a ƙulle ta a leda a jefa a ruwan don kada ya yi zafi. Abin da ya rage shi ne na mutane.

Bayan duk wannan wahala, sai kuma shiru. Makonni suka wuce babu kifi ko ɗaya. Wai sai ruwan ya nuna tukuna, wasu ƙananan halittu sun zauna a ramukan duwatsun, su ne za su riƙa cinye dattin kifi. Kullum da safe Yaya ya ɗebi ruwa a 'yan kwalabe, ya ɗiga magani, ya zauna yana jiran launi ya canza kamar mai gwajin fitsari a asibiti. Labari ya zaga gari cewa Alhaji ya zuba kuɗin sallamarsa a kiwon dutse. Wani ɗan'uwanmu da ke noma masa gonar gado a Balan ya zo ya leƙa, ya jinjina kai don tausayi, ya ce in ana so zai kamo tarwaɗa biyu a kududdufi, kyauta.

Da launin kwalaben ya yi masa yadda yake so, Yaya ya koma Legas. Ya dawo da kula irin ta ƙanƙara a kan cinya tun daga can har Gaya, bai yarda an sa ta a but ɗin mota ba. A ciki akwai kifaye biyu kamar ɗan yatsa, masu ruwan lemo da ratsin fari, da wasu 'yan dodon koɗi masu aikin lasar gilashi, sai kuma mai gayya, reshen murjanin. Ni murjanin da na sani shi ne jan dutsen da tsofaffi ke sawa a wuya. Wannan kamar ɓarin citta yake, amma da aka kunna shuɗiyar fitilar sai ya ɗauki wani kore mai haske, wasu 'yan gashi-gashi suka fito daga jikinsa suna rangaji da ruwan. Ba zan yi ƙarya ba, na daɗe a tsugune ina kallonsa. Yaya ya ce a hankali, "Kin gani? Yana da rai. In ya ji daɗi zai yi sabon reshe." Tun da nake ban taɓa jin muryarsa ta yi laushi haka ba, ko a kan jikokinsa.

Mutane suka zo kallo, kowa sau ɗaya. Tambayar ba ta wuce biyu: ana ci? In ba a ci, to me ake yi da shi? Da abin ya ƙare a nan, da Yaya ya ci gaba da zamansa a gefen tabarma. Sai wata la'asar wani dattijo ya juyo ya ce, "Alhaji, wai ruwan nan na teku ne na gaske?" Kowa ya juyo wajen Yaya. Tun dawowarsa ba a taɓa yi masa tambaya aka tsaya jiran amsa ba. Yaya ya gyara zama ya ce ƙwarai kuwa, a jarkoki aka ɗebo shi, can tsakiya inda manyan jirage ke tsayawa. Ya ba da labarin igiyar ruwa da ta fi soron masallaci tsawo, kuma aka saurare shi har ƙarshe. Ya dawo gida fuska kamar an shafa mata mai.

Na ce, "Yaya, ni fa na farke ledojin nan da hannuna."

Ya ce, "Gishirin daga ina aka samo shi? Ba daga teku ba? To me ya rage? Ke matsalarki komai sai kin sa masa jan biro."



Sai Gwaggo ta zo. Ƙanwar mahaifinmu ce, a Kademi take, ita ta yaye Yaya, kuma har gobe ba ta bari ya manta. Ta faɗo ne a ranar canjin ruwa. Ƙa'idar abin, duk mako sai an zuƙe bokiti guda na tsohon ruwan da tiyo an zubar, a mayar da sabon haɗi. Yaya ya ɗauko bokitin ya nufi kwata, Gwaggo ta daka masa tsawa.

"Kai! Kai! Me za ka zubar?"

"Tsohon ruwa ne, Gwaggo."

"Ruwan tekun? La'ilaha illallahu! Mutane na aike har Ikko a samo musu a kwalba, kai kana wanke kwata da shi? Zaman Kudu ya cinye maka hankali."

Ta shanye ragowar kunun da ke gorarta, ta ɗauraye, ta cika ta dam. Ta ce gwiwoyinta za ta shafa wa. Na ce, "Gwaggo, kifi fa sun yi kashi a ciki." Ta ce, "Ke da bokonki. A tekun ina suke yi, a masai?" Mako bai zagayo ba ta aiko cewa ta taka da ƙafarta har kasuwa ta dawo. Gwaggo dama tana zuwa kasuwa da ƙafarta, mita ce kawai take rakata, amma wa zai faɗa?

Daga nan aka ɓalle. Mai ciwon baya ya zo da gora, mai shagon da ciniki ya tsaya ya zo da gora zai yayyafa a ƙofa, wadda take zargin an yi mata sammu ta zo da galan don wanka. Wani ya karɓa ya zuba a kusurwoyin gonar gyaɗarsa, ruwan gishiri, a gona, manomi ɗan manomi! Har a makarantarmu a Ajingi wata malama ta ja ni gefe ta ce ta ji ni ce ƙanwar mai tekun, in taimaka mata ko da murfi ɗaya ne. Yaya ba ya karɓar ko sisi, amma gidan ya cika da ƙwan zabi da gyaɗa da nonon da matan rugage ke kawowa. A majalisa kuwa tsakiyar tabarma ta zama tasa. "Alhaji, ina labarin jirgin nan da ya kama da wuta?" Ya maimaita shi, kullum wutar tana ƙara girma. Ana ɗaurin aure a aiko masa da goro na musamman. Ya yi ƙiba, ya ɗinka sababbin riguna. Ina jin haushin ƙaryar, amma na ji daɗin ganinsa haka, ba zan ɓoye ba.

Sai dai bokiti guda a mako ba ya isar ƙananan hukumomi biyu. Gishirin kuma ba a Kano ake sayar da shi ba, sai an yi waya Legas an jira direban da zai taho da shi. Yaya ya kafa doka: ranar Juma'a kawai ake rabo, abin da ke bokiti in ya ƙare ya ƙare. Maza suka bi doka. Mata kuwa sun san lokacin da maigida ke fita.

Ku sa kanku a matsayin matar nan. Ta yi shekara da shekaru a Kudu, ta dawo ana ce mata 'yar Legas, ba ta da ƙawa. Ga mace ta taso tun daga ƙauye cikin rana, ta yi sallama, ta miƙo gora ta ce a taimaka mata da ruwa. A garinmu ana hana kuɗi, ana hana hatsi, amma ban taɓa jin gidan da aka ce babu ruwa alhali ga shi ana gani ba. Sai ta ɗauki ludayi ta ɗebo daga akwatin. Don kada maigida ya ga ya ragu, sai ta farke ruwan leda ta cike gurbin. Ba ta ga laifi a nan ba, domin kullum da safe tana ganin Yaya yana ƙara ruwan leda zalla, ba tare da gishiri ba. Abin da ba ta sani ba, shi wanda zafi ya ƙone yake mayarwa, wanda ya tashi sama ya bar gishirinsa a ciki. Nata kuwa da gishirinsa yake tafiya Kademi da Balan. Kullum tekun Yaya tana ƙara zama ruwan randa.

Murjanin ya fara nunawa. 'Yan gashin suka daina fitowa, koren ya fara koɗewa daga kan reshen. Dodon koɗin suka riƙa sakin gilashi suna faɗowa. Yaya ya leƙa bututunsa ya ga gishiri ya yi ƙasa, ya gyara, bayan kwana kaɗan ya sake yin ƙasa. Ya zargi bututun, ya zargi masu ruwan leda, ya zargi wanda ya sayar masa da gishirin. Ya daina cin abincin kirki. In na je sai in same shi a durƙushe gaban akwatin yana cewa, "Me na yi maka?"

Asiri ya tonu ranar da ya tafi Kano tantance 'yan fansho aka ɗage. Muka haɗu a tasha, muka taho gida tare da hantsi. Muna shiga muka tarar da mata a tsakar gida kowa da gorarta, matarsa kuma a falo, ludayi a hannu ɗaya, ledar ruwa a ɗayan. Yaya ya tsaya kamar an dasa shi. Ya daure har matan suka sulale. Sannan ya fashe, ya ce ta kashe shi, ta kashe abin da ya ɗauko a cinyarsa tun daga Legas.

Ta ajiye ludayin ta ce, "Alhaji, kai ka ce musu teku ce. Teku tana ƙarewa ne? Kai kana can kana ba da labarin jirgi, ni aka bari da idon mutane. Ni ce zan dubi matar liman in ce mata babu ruwa?"

Sai ya juyo kaina, wai me ya sa ban yi magana ba. Na ce, "Yo ni na yi magana tun farko aka ce ina da jan biro. Yaya, abu biyu ne. Ko ka faɗa wa mutanen nan gaskiya su bar ka, ko ka shirya yi wa murjanin nan jana'iza."

Ya kwana biyu yana juya abin, sannan ya yi ta maza. Bayan la'asar ya miƙe a majalisa ya ce jama'a su yafe masa, ruwan nan ba daga teku aka ɗebo shi ba, ruwan leda ne da gishiri, a falonsa ya dama. Aka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Alhaji, in rowa ce ta motsa ka faɗa kawai, ba sai ka yi wa kanka ƙazafi ba." Yaya ya fusata, ya je gida ya ɗauko buhun gishirin ya dire a gabansu. Dattijon nan da ya fara yi masa tambayar ya jawo buhun, ya daɗe yana kallon hoton da ke jiki, ya lakato ya ɗanɗana. Ya ce, "Allahu Akbar. Ashe ga uwar maganin nan, mu ana ba mu ruwa-ruwa."

Washegari ba wanda ya zo da gora. Da 'yan ƙullin leda suka zo, a sam musu gishirin, ya fi sauƙin ɗauka kuma ba ya zubewa a mota.

A nan ne Yaya ya sayo kwaɗo ya datse falon, ya jefa makullin a aljihu. Ya ce daga yau babu ruwa, babu gishiri, ko wane ne. Aka yi ta aiko masa da manya yana ba da haƙuri. Ƙarshe Gwaggo ta zo da kanta, da gorar nan tata, ta tsaya a ƙofar falon.

"Buɗe."

"Gwaggo, ki yi haƙuri. In aka ƙara ɗiba zai mutu."

"Wa zai mutu? Dutsen?"

"Yana da rai, Gwaggo."

"Ni kuma fa? Gawa ce?"

Ya sunkuyar da kai, amma hannunsa na kan aljihun. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ni na wanke maka kashi, yau ni ka hana ruwa." Matarsa ta kawo mata ruwan sanyi a kofi, ta ce ta gode, ba ta jin ƙishi. Ta fita ba ta waiwayo ba.

Murjanin kuwa ya farfaɗo. Koren ya dawo, 'yan gashin suka fito suna rangaji, har wani ɗan tsiro ya ɓullo a gefe kamar ƙurji. Yaya ya buɗe mini kwaɗon ya nuna mini shi, yana murna kamar an yi masa haihuwa. Ni kaɗai ce zai nuna wa. A majalisa yanzu ko gefen tabarmar ba a matsa masa, sai ya tsaya ya gaji ya dawo. In ya yi sallama a amsa masa a taƙaice. Da can ba a san inda za a ajiye shi ba, yanzu an sani: shi ne mutumin da ya hana gwaggonsa ruwa saboda dutse.

Sai ga ƙaramar Sallah. Al'adarmu, kowane gida ya zuba abinci a kwanuka ya aika wa dangi da maƙwabta, su juye su zubo nasu a mayar. Matar Yaya ta tashi tun asuba, ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, ta soya kaji, aka rarraba. Na iso da azahar na tarar da kwanukan a jere a tsakar gida, kowanne da nauyinsa, ko murfin ba a ɗaga ba. Na Gwaggo ya dawo da saƙo, wai a ce wa Alhaji ta ƙoshi, ya ba dutsen. Matarsa na zaune a bakin murhu tana share ido da gefen zane. Yaya na falo cikin sabuwar shadda, ya shimfiɗa darduma da tabarmi don masu zuwa gaisuwa, ba kowa a kai. Raina ya ɓaci, na yi ta faɗa, na ce garin nan ba su da kunya, mutanen da suka sha ruwan kashin kifi kyauta su ne yau ke fushi.  Shi kuwa yana kallon akwatin, kuma ranar murjanin ya fi kowace rana kyau.

Jarrabawar ƙarshen zango ta riƙe ni a Ajingi na 'yan makonni. Ranar da na koma, tun daga zaure na ga takalma. Tsakar gida cike da mata, wasu tsofaffi maza a bakin ƙofar falo, babu kwaɗo. Yaya na kan kujera a gefen akwatin, ludayi a hannunsa, yana cika gora yana ba da labarin jirgin da ya kama da wuta, ana ta salati. A ƙasa ga jarkar ruwan burtsatse, ga ƙullin gishirin miya na kasuwa. Famfon a kashe yake, ruwan ya tsaya cik. Fitilar kawai aka bari.

Na nemi kifayen ban gan su ba. Matarsa ta raɗa mini cewa ya ba wani direba ya kai wa wani mai irin wannan kiwon a Kano. Na ce, "To murjanin fa, me ya hana a haɗa da shi?" Ta ce, "Cewa ya yi in babu shi a ciki ba za su yarda teku ce ba."

Yana nan a inda yake, da ɗan sabon tsironsa a gefe, fari fat kamar ƙashin da aka tsotse. Gwaggo na zaune a kan darduma ta miƙe ƙafa tana shafa wa gwiwa. Ta ce mini, "'Yar boko, kin ga yadda ya yi fari tas? Da can datti ne ya rufe shi, albarkar jama'a ce ta wanke shi."

Na jira aka ɗan sarara, na matsa kusa da shi na ce, "Yaya, ya mutu fa."

Ya ce, "Na sani."

"Kai da ka ɗauko shi a cinya?"

Ya ce, "Tun ina saurayi nake kallon teku, na tsufa a bakinta, ba wanda ya taɓa tambayata yadda take. Ki bar ni haka."

Wata mata ta miƙo gora, ya karɓa. Na lura ta can ɗaya gefen yake tsoma ludayin, nesa da reshen, kuma har na yi musu sallama na tafi bai kalli wajen ba.